Iskar Arewa da Kifin Yaboy a Gaɓar Senegal da Muritaniya

Daga ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da hunturu ke fara busawa a ƙasar Hausa, wata iska 'yar'uwarsa kan tashi a gaɓar Tekun Atilantika tsakanin Muritaniya da Senegal. Daga arewa take fitowa, tana bin bakin gaɓa zuwa kudu, kuma ba ta lafawa sai cikin watan Mayu. Mafarinsu ɗaya: layin haɗuwar iskoki mai ɗauke da damina ya janye zuwa kudu, ya bar wa iskokin arewa fili. Sai dai hunturu Sahara ya ratso, shi ya sa yake zuwa da ƙura da bushewa, ita kuwa ta gaɓa kan teku ta biyo daga wajen tsibiran Azores, don haka take zuwa da sanyi da danshi. A watannin da take kaɗawa, ruwan tekun Dakar da kan kai digiri 28 a ƙarshen damina yakan sauka ƙasa da digiri 20 a Fabrairu da Maris. Launinsa ma kan juye daga shuɗi garau zuwa kore mai duhu. A wurin mutanen gaɓa wannan shi ne lokacin kifi.

Masunta sun san haka tun kafin a kawo musu ma'aunin zafi. Mutanen Guet Ndar, unguwar masunta ta birnin Saint-Louis wadda ke zaune a kan siririn tudun yashi tsakanin kogin Senegal da teku, sun daɗe suna ƙaura kowace shekara zuwa Kayar, arewa da Dakar. Sukan sauka can tun daga Disamba har wajen Yuni, domin a lokacin ne manyan kifaye irin su cof, wanda ake rubutawa thiof da Faransanci, ke gangarowa daga ruwan Muritaniya suna bin sanyi. A gaban Kayar akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku da ya matso har kusa da gaɓa, yana kwantar da igiyar ruwa, yana kuma tara kifi. Can arewa, a yankin Banc d'Arguin, 'yan kabilar Imraguen su ma da nasu kalandar: idan garken kifinsu ya taso yana bin gaɓa sukan shiga ruwa da ƙafa su zagaye shi da raga.

Turawa ma sun ga wannan arziki da wuri. 'Yan Fotigal sun kafa zango a tsibirin Arguin a 1445, masuntan tsibiran Kanari kuma suka shafe ƙarnuka suna zuwa bakin Sahara su kama kifi su barbaɗe shi da gishiri. A 1905 Faransa ta tura masanin halittu Abel Gruvel ya binciki gaɓar Muritaniya, kuma bayan rahotonsa aka kafa tashar Port-Étienne a 1907, garin da yau ake kira Nuwadibu. Abin mamakin a bayyane yake: tudu babu ko ciyawa, ga teku kuma cike maƙil da rai. Dalilin hakan bai fito daga Afirka ba, daga ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya ya fito.

Tsakanin 1893 da 1896 Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, ya bar jirginsa mai suna Fram ya daskare cikin ƙanƙarar Tekun Arktik da gangan, domin ya ga inda za ta kai shi. A tafiyar ya lura cewa ƙanƙarar ba ta bin iska kai tsaye, kullum tana karkata zuwa dama da kimanin digiri 20 zuwa 40. Ya yi zargin cewa juyawar duniya ce ke jawo haka. Da ya dawo, aka miƙa matsalar ga wani ɗalibi ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, wanda ya warware ta da lissafi, ya buga cikakken bayaninsa a 1905. Abin da ya nuna shi ne: iska na jan saman ruwa, saman na jan na ƙarƙashinsa, kowane mataki kuma yana ƙara karkata, har idan aka haɗa su duka, ruwan da iska ta motsa yakan tafi gefe ne gaba ɗaya, zuwa dama a arewacin duniya, zuwa hagu a kudanci.

Yanzu a ɗora wannan a kan gaɓar Senegal. Gaɓar ta miƙe daga arewa zuwa kudu, teku na yamma. Iska na tafiya kudu. Wanda ya fuskanci kudu, damansa yamma ce. Ke nan iskar da ake gani tana bin gaɓa, a zahiri ture ruwan sama take yi zuwa tsakiyar teku. Gurbin da ya bari ba zai zauna fanko ba, sai ruwan ƙasa ya taso daga zurfin mita ɗari ko ɗari biyu ya cike shi. Wannan ruwa mai sanyi ne, kuma cike yake da taki, wato sinadaran da suka taru daga ruɓewar duk abin da ya mutu ya nutse. A can ƙasa babu haske, takin kwance yake kawai. Da zarar ya haɗu da rana sai ƙananan tsirran ruwa, waɗanda ido ba ya gani ɗai-ɗai, su yaɗu cikin 'yan kwanaki, su ne kuma ke mayar da ruwan kore. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci ƙwarin da tsirran, manyan kifaye da tsuntsaye da mutane su biyo baya.

Manyan wurare huɗu ne a duniya ke da irin wannan tasowar ruwan sanyi: gaɓar Kalifoniya, gaɓar Peru da Chile, gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, sai wannan ta arewa maso yammacin Afirka. Faɗinsu a haɗe ɗan ƙanƙani ne a cikin tekunan duniya, amma daga cikinsu ake samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin teku da ake kamawa. A gaɓar Afirka abin ba iri ɗaya ba ne daga wannan kusurwa zuwa waccan. A arewacin Maroko ruwan ya fi tasowa a tsakiyar shekara. Daga tsinin Cap Blanc, inda Nuwadibu take, zuwa arewa kaɗan, ba ya tsayawa duk shekara. Daga nan zuwa kudu har Gini Bisau kuwa, lokacin sanyi ne kawai, domin da damina ta kawo kai iskar kudu maso yamma kan karɓe fili, ruwan ɗumi ya rufe gaɓa.

Kifin da ya fi kowanne ɗaure rayuwarsa da wannan kalanda shi ne yaboy, kamar yadda ake kiransa da Wolof, masana kuma na ce masa sardinela. Iri biyu ne: mai zagayayyen jiki, wanda ya fi son sanyi kuma ya fi yawo, da mai faffaɗan jiki, wanda ya fi zama kusa da gaɓa. Manyan mai zagayayyen jiki kan kasance a ruwan Senegal da Gambiya lokacin sanyi, idan ruwa ya fara ɗumi wajen Yuni su haura Muritaniya har su wuce Cap Blanc, ƙarshen shekara kuma su juyo. Yaboy kifin talaka ne. Mai hali ya dafa shinkafarsa ta ceebu jën da cof, sauran jama'a da yaboy suke yi. Wanda bai shiga tukunya ɗanye ba, mata a Joal da Mbour kan gasa shi, su sa masa gishiri su shanya, ya zama keccax, 'yan kasuwa su loda shi a manyan motoci zuwa cikin ƙasa, har Mali da Burkina Faso da Gini. Mu ma muna da rabo a wannan teku ba tare da yawancinmu sun sani ba: wani ɓangare na kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi Najeriya da Gana daga ruwan Muritaniya da Maroko yake, haka nan sadin ɗin gwangwani na Titus a Maroko ake cika shi.

Sanin cewa iska ce ke tayar da ruwa bai amsa tambayar da ta fi damun masunta ba, wato me ya sa bana a cika kwale-kwale, baɗi a dawo hannu rabbana. Wanda ya fara kama bakin zaren shi ma ɗan Norwe ne, Johan Hjort. A 1914, bayan ya ƙidaya shekarun kifaye ta hanyar zoben da ke jikin ɓawonsu, ya nuna cewa kifin da aka haifa a shekara guda, 1904, shi ne ya mamaye kamun kifin herin na ƙasarsa shekaru da yawa a jere. Ma'ana, yawan kifi ba ya tafiya daidai da yawan ƙwai. Uwa ɗaya kan zuba dubban ƙwai, kusan duka su mutu, kuma abin da ke raba shekarar albarka da ta tsiya shi ne 'yan kwanakin farko bayan ƙyanƙyashewa: ko jaririn ya sami abinci kusa da bakinsa, ko ruwa ya kwashe shi zuwa inda ba zai rayu ba. Hjort ya bar tambayar a buɗe, ta jira masu auna iska.

Kafin su iso, masu manyan jirage sun riga su. Daga shekarun 1960 jiragen Tarayyar Sobiyet da na gabashin Turai, tare da na Sipaniya da Japan da Koriya, suka cika ruwan Sahara da Muritaniya, a zamanin da ikon ƙasa bai wuce 'yan mil kaɗan daga gaɓarta ba. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta tabbatar wa ƙasashe mil 200 sai a 1982 aka sa mata hannu. A Senegal ma sana'ar ta sauya kama. An fara ɗora wa kwale-kwale inji tun shekarun 1950, sannan a farkon shekarun 1970, da taimakon hukumar abinci ta FAO, aka koya wa masunta aiki da babban taru mai zagaye garken kifi a tsuke shi daga ƙasa. Kwale-kwale biyu ke fita tare, ɗaya da taru da ma'aikata, ɗaya don ɗaukar kaya. Jiragen suka yi ta ƙara tsawo har suka haura mita 20, yaboy ya cika kasuwa, ya yi arha.

Sabon tarun ya zo daidai da shekarun iska mai ƙarfi. Farkon shekarun 1970, lokacin da fari ya ƙone yankin Sahel, dabbobi suka ƙare daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya, iskar arewa ta ƙara ƙarfi a bakin teku, ruwan sanyi ya yi ta tasowa. Shekarun yunwa a tudu sun zama na yalwa a ruwa, manoma da makiyaya da yawa kuwa suka gangara gaɓa suka shiga kamun kifi. Alamar sauyin ta fito a jikin kifi: sadin irin na Maroko, mai son ruwan sanyi, ya yi ta matsowa kudu, ya wuce Cap Blanc, har aka riƙa kama shi a ruwan Senegal a tsakiyar shekarun 1970, abin da ba a saba gani ba. A waɗannan shekarun ne jiragen bincike na ƙasashe da dama suka yi aikin haɗin gwiwa mai suna CINECA a wannan gaɓa, aka dasa na'urorin auna iska da gudun ruwa kusa da Cap Blanc a 1974.

A ɗaya gefen duniya kuwa an riga an ga abin da kan faru idan aka ɗauki shekarun albarka a matsayin dawwamammu. Peru ta kama fiye da tan miliyan 12 na ɗan ƙaramin kifinta ancobeta a 1970, kamun da ba a taɓa ganin irinsa ba, kusan duka don a niƙa shi gari. A 1972 ruwan ɗumin da ake kira El Niño ya rufe gaɓarta, ya sami garken da an riga an raunana shi. A 1973 kamun bai kai tan miliyan 2 ba. An shafe shekaru ana gardama ko ruwa ne ya kashe sana'ar ko taru, gardamar da daga baya ta ƙetaro Afirka.

A cibiyar binciken teku ta Dakar-Thiaroye, masanan Senegal da na Faransa sun yi ta tara lissafi biyu kafaɗa da kafaɗa: abin da jirage ke saukewa a bakin ruwa, da ƙarfin iskar da ake aunawa a gaɓa. Pierre Fréon ya nuna cewa yawan jirage kaɗai ba ya bayyana hawa da saukar kamun yaboy, sai an sa iska cikin lissafin. A 1989 Philippe Cury da Claude Roy suka haɗa bayanan Peru da Kalifoniya da Maroko da Senegal da gaɓar Kodebuwa da Gana, suka fito da sakamakon da har yau ake koyarwa. A inda iska ce ke tayar da ruwa, 'ya'yan kifi sun fi tsira idan gudunta ya tsaya wajen mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa, wato kimanin kilomita 20 a awa. Ƙasa da haka taki ba ya tasowa yadda ya kamata, abinci ya yi ƙaranci. Sama da haka kuma iskar da ta kawo abincin ita ke hana cinsa.

Dalilin na cikin lissafi ne. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take ture ruwa da shi kan ninka huɗu, amma yadda take birkita shi kan ninka takwas. Jaririn kifi bai wuce 'yan milimita ba, ba ya iya nisa, yana rayuwa ne idan abincinsa ya taru wuri ɗaya. Tsabar da aka zuba wa ɗan tsako a faifai za ta ƙosar da shi, amma a watsa ta a filin idi, sai ya mutu da yunwa alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Wani masani a Kalifoniya, Reuben Lasker, ya ga haka da idonsa a shekarun 1970, lokacin da guguwa ta tarwatsa wani shimfiɗin abinci da jariran kifi ke ci. Ƙari a kan haka, iska mai ƙarfi kan ture ƙwai da jarirai zuwa tsakiyar teku, inda babu komai.

Shi ya sa kowane kifi ya zaɓi lokacin haihuwarsa da wurinta. Sadin na Maroko ya fi zuba ƙwai a lokacin sanyi, sa'ad da iskar can ta sassauta. Yaboy na Senegal ya sami mafaka ta daban. Kudu da tsinin Cap-Vert, inda Dakar take, a yankin da ake kira Petite Côte, ƙasan teku ya shimfiɗu da faɗi ba zurfi, tsinin kuma yana kare shi. A can ruwan sanyi ba a bakin gaɓa yake tasowa ba, a tsakiyar shimfiɗar yake fitowa ya miƙa kudu, ya bar wani siririn ruwa mai ɗumi da natsuwa tsakaninsa da tudu. Roy ya bayyana wannan a 1998: abinci na shigowa wurin, jarirai kuma ba sa fita. Nan ne gidan renon yaboy, a gaban Mbour da Joal, kuma babban lokacin zuba ƙwansa a Senegal kan zo ne wajen ƙarshen kakar iska. Ba banza ba manyan tashoshin saukar yaboy na ƙasar suke a wannan gaɓa. Abin takaicin shi ne wurin da ya fi dacewa a bar ƙananan kifi su girma, shi ne kuma ya fi sauƙin jefa taru.

A 1986 teku ya sake ba da mamaki: oktofus, dabbar ruwan nan mai hannuwa takwas, ta bayyana da yawan gaske a gaɓar Senegal, masunta suka samu sabon kaya mai tsada na fitarwa waje. Ita shekara guda take rayuwa, don haka yawanta kan bi halin iskar kowace kaka ƙafa da ƙafa, masana kuma na ganin raguwar manyan kifayen da ke cinye ta ya buɗe mata hanya. A 1990 Andrew Bakun, wanda tun 1973 ya ƙirƙiro ma'aunin tasowar ruwa daga bayanan iska, ya kawo wani hasashe: ɗumamar duniya za ta fi zafafa tudu fiye da teku, bambancin zai ƙarfafa iskar gaɓa, ruwan sanyi zai ƙara tasowa. An yi ta gwada wannan magana shekara da shekaru. Abin da ya fi fitowa shi ne ta yi daidai a wasu wurare, musamman ɓangarorin da suka fi nisa da tsakiyar duniya, a wasu kuma ba ta yi ba.

Senegal ta faɗa cikin waɗanda ba ta yi ba. Daga 1995 jirgin binciken Norwe mai aiki da FAO, wanda aka sa wa sunan Dr Fridtjof Nansen, ya riƙa bin gaɓar daga Senegal zuwa Maroko a ƙarshen shekara yana auna garken kifi da na'urar amsa-kuwwa. Da masanin Senegal Abdoulaye Sarré da abokan aikinsa suka tattara awon 1995 zuwa 2015, sai suka ga yaboy mai zagayayyen jiki ya matsa arewa da abin da ya kusa kilomita 200. A arewacin yankin iska ta ƙara ƙarfi, a kudu ba ta ƙaru ba, ruwan kuma ya ɗumama. A 2016 wasu masana suka ba shekarun da iskar Fabrairu da Maris ke yin rauni ruwan Dakar ya yi ɗumi suna, suka kira su Dakar Niño. Lissafin kwamfuta na yanayin gaba, ciki har da wanda aka buga a 2019, ya karkata ga cewa tasowar ruwan Senegal da Muritaniya raguwa za ta yi kafin ƙarshen wannan ƙarni.

Kilomita 200 ba wani abu ba ne a taswirar teku, amma a wannan gaɓa ya isa ya fitar da kifi daga wata ƙasa ya kai shi wata. Can arewa kuwa akwai masu jiransa. Tun 1996 manyan jiragen Holan masu daskarar da kifi a ciki suka shiga ruwan Muritaniya ƙarƙashin yarjejeniya da Tarayyar Turai, suka tarar da na Rasha. Sannan masana'antun garin kifi suka zo. A 2005 guda ɗaya ce a Nuwadibu, cikin shekaru goma suka haura ashirin, da jarin Sin da Turkiyya da wasu. Da farko kwale-kwalen Senegal da aka yi haya ne ke kai musu kaya, daga baya jiragen Turkiyya masu babban taru suka karɓa. Ana narkar da kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari, garin da man kuma su tafi Asiya da Turai a ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. An kafa wasu masana'antun a Senegal da Gambiya, inda rikici ya ɓarke a garin Sanyang a Maris 2021 har aka cinna wa ɗaya wuta. A shekarar ce ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake niƙawa duk shekara a yankin, abin da zai isa abincin mutum miliyan 33.

A nan ne ya kamata a yi wa iska adalci. Ita ce ke sa wata shekara ta fi wata, ita ce kuma ke matsar da garke arewa ko kudu, amma ba ita ta gina masana'anta ba. Kifin da ke balaga cikin shekara guda yana iya farfaɗowa da sauri bayan kaka mara kyau idan an bar isassun iyaye a ruwa. Idan ba a bari ba, ko iska ta zo daidai gwargwado babu ƙwan da za ta rena. Shekarun iska mai kyau ma na da nasu sharrin, domin sukan ɓoye ɓarna: ana cika jirgi, ana sayen sabon inji da bashi, ana ƙara lasisi, sai kaka ta juya a tarar jirage sun ninka kifi ya ragu. Jami'in da ya ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi ya zaɓi wanda ba za a iya kai shi kotu ba. Masuncin da ya ɗora shi duka a kan baƙi shi ma ya tsallake dubban kwale-kwalen gida da ragar roba mai ƙananan idanu da ake jefawa a gidan reno, duk da doka ta hana ta. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa rabon ɗan Senegal na ƙananan kifaye ya faɗi daga kimanin kilo 18 a shekara a 2009 zuwa kilo 9 a 2018.

Mutanen Guet Ndar, waɗanda gidajensu ke 'yan kilomita kaɗan daga iyaka, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Kakanninsu sun bi kifi arewa ba tare da takarda ba. Rikicin Senegal da Muritaniya na 1989 ya rufe iyakar har 1992, daga baya kuma shiga ruwan maƙwabta ya koma sai da lasisi, a wani lokaci guda 400 na tan 50,000 a shekara. An shiga wani lokaci da yarjejeniyar lasisin ta ƙare ba a sabunta ba, a Janairun 2018 masu gadin tekun Muritaniya suka harbe wani matashin masunci, Saint-Louis ta hargitse, sai da shugabannin ƙasashen biyu suka gana kafin a sa hannu a sabuwa cikin shekarar. Manyan kwale-kwalen da aka sassaƙa don yaboy sun kuma sami wani aiki. A 2006 fiye da mutum 31,000 suka isa tsibiran Kanari ta teku, da yawansu daga Senegal, a 2023 kusan 40,000, a 2024 fiye da 46,000. Talauci da rashin aikin yi na da ƙofofi da yawa, amma masunta ne ke riƙe da inji a mafi yawan waɗannan tafiye-tafiye, kuma da yawa daga cikin fasinjojin 'ya'yansu ne.

Gwamnatocin Senegal sun ɗauki matakai da suka ja hankali. A Afrilun 2012 sabuwar gwamnatin Macky Sall ta soke izinin manyan jiragen waje 29 masu kama ƙananan kifaye. A Janairun 2014 sojojin ruwa suka kama jirgin Rasha Oleg Naydenov suka ja shi Dakar. A Mayun 2024 gwamnatin Bassirou Diomaye Faye ta fitar da jerin jiragen da ke da lasisi, aka ga 132 masu tutar Senegal da 19 na waje, aka kuma shiga tambayar su wane ne ainihin masu waɗancan 132. A Nuwamban 2024 yarjejeniyar su da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba, jiragen Turai suka fice. An yi murna a bakin ruwa, sai dai wannan yarjejeniya ta tuna ce da wani kifin zurfi, babu yaboy a cikinta.

Shi yaboy garke ɗaya ne da Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya da Gini Bisau ke ɗiba a cikinsa. Akwai hukumar su ta ƙasashen yankin da aka kafa a 1985, mai mazauni a Dakar, amma Maroko ba ta ciki. Akwai kuma kwamitin masana na FAO da ya fara zama a Nuwadibu a 2001, wanda ya sha bayyana cewa ana kama yaboy fiye da ƙima, ya kuma ba da shawarar a rage sosai. Shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Har ƙarshen 2024 ƙasashen ba su zauna sun yanke adadin da za a kama gaba ɗaya suka raba shi a tsakaninsu ba, kowacce na ba da lasisi a nata ruwan lokacin da garken ya ratso ta ƙofarta.